Fitilar da Na Rufe da Salatif

Shekarata biyu a Kwatano ban gyara mota ko ɗaya ba, ni da na baro Potiskum da sunan bakanike. Aikina a filin da ake jibge motocin da jirgi ya sauke shi ne in sa mota ta yi kyan gani har mai saye ya fitar da ita daga ƙofa. In wanke inji da kalanzir, in zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara, idan kuma akwai wata fitila da ta kama a dashbod in kwance in zare ƙwanta. In ana sauri, guntun baƙin salatif ya wadatar. A gida, a garejin maigidana da ke hanyar Kano, Habu Kunne ake kirana, don tun kafin direba ya kashe mota na gaya masa abin da ke damunta. Amma wancan zamanin kafireta ne. Motocin Kwatano injekta ne, masu ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba a jin ciwonsu da kunne, ni kuma girman kai bai bar ni na tambayi kowa ba. Da farko abin yana ci mini rai. Daga baya ya daina, kamar yadda gumin garin ya daina damuna, da Faransancin da ake zagina da shi ina gyaɗa kai.

A bakin ƙofar filin akwai wani tsoho mai shayi, Baba Maina. Ranar da na fara zama a bencinsa na ji ya ce wa wani, "Ruwa ya tafasa, madaran ne ya ƙare," da wani karin harshe da na sani tun ina yaro a kasuwar hatsi. Na ce, "Baba, kai ɗan Potiskum ne."

Ya daɗe yana kallona da ludayi a hannu. "Ƙauyen Mamudo," in ji shi. "Kai fa?"

"Unguwar Yerimaram."

"Ɗan ƙasa ko baƙo?"

Na ce kakana ne fatauci ya kawo shi daga Kano.

"To, Bakano ne. Zauna ka sha. Bakanon Potiskum ya fi babu."

Shi ya ba ni gefen ɗakinsa a unguwar Zango. Shekararsa ashirin da uku rabonsa da gida, kuma sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. A zaman makokin mahaifinsu aka tayar da maganar gona, rai ya ɓaci, ya mari yayansa Gimba a gaban jama'a. Bai jira an ce masa komai ba, kunya ta kore shi. Bai yi aure a Kwatano ba, bai tara komai ba sai butoci da kofuna.

A bazarar shekarata ta biyu ƙafafunsa suka kumbura, sannan cikinsa, idanunsa suka yi ɗorawa. A asibiti suka ba shi ƙwayoyi suka ce ya je ya huta, mu duka mun gane abin da ake nufi. Wata safiya ina ɗaga shi ya yi alwala ya riƙe mini hannu.

"Habu, kai ni Mamudo. Ba magani nake nema ba. In ga Gimba in ce ya yafe mini, da bakina. Shi ke nan."

Na ce to. Muka ba wani direban motar shanu da zai koma gida daga Ikko saƙo, a gaya wa Baba Gimba ƙaninsa na tafe. Aka yi sa'a wani dillalin shanu na Potiskum ya aiko a saya masa mota, wata tsohuwar 'yar Japan ruwan toka da ta fi shekara goma a ƙasar Turawa. Na roƙi maigidan filin ya bar ni in kai ta, in bi ayarin motocin da ke zagayawa ta Nijar su shiga Najeriya ta Maraɗi. Kwana huɗu ake yi zuwa Potiskum in ba a samu matsala ba.

Ana gobe za mu tashi na yi wa motar abin da kowane bakaniken garinmu yake yi wa motar da ta zo daga ƙasar sanyi. Na cire tamostat, abin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, na jefar, don mun tashi mun tarar ana cewa na masu ƙanƙara ne, a wurinmu sai dai ya dafa inji. Sannan na nemi sa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. A gindin tiyon lagireto akwai soket biyu kusa da juna, kamar tagwaye. Na zare na farko, fanka ba ta motsa ba. Na zare na biyu, ta ɗauka. Maimakon in mayar da na farkon sai na ce duk kanwar ja ce, na naɗe su biyun da robar tayar keke, na tura su ƙarƙashin tiyo yadda ba za su yi lilo ba. Da na tayar da mota sai wata fitila ruwan lemo mai hoton inji ta kama ta ƙi mutuwa. Irinta na kashe sun fi a ƙirga. Na yanki salatif na manna mata, na je na ɗauko kayan Baba.

Daga Kwatano zuwa Paraku mota goma sha ɗaya muka jeru. Na shimfiɗa wa Baba katifa a kujerar baya, na sa masa buta da robar fitsari kusa da hannu. Tun kafin azahar na lura allurar mai tana sauka kamar an huda tanki. Direban da ke bayana ya matso ya yi mini nuni da hannu, wai hayaƙina baƙi ne. Da la'asar in na taka totur sai motar ta yi nishi kafin ta amsa. Mun shiga Paraku mu ne na ƙarshe.

Da safe jagoran ayari, wani ɗan gajere mai jakar takardu a hammata, ya zo ya tsaya ina kwance fulogi. Duk huɗun sun yi baƙi ƙirin da tokar hayaƙi. Ya leƙa baya ya ga Baba, ya toshe hanci.

"Malam, mu ba motar asibiti muka ɗauko ba. Ga takardunka. In ka gyara ka same mu a gadar Malanbil."

Ban roƙe shi ba. Na tsaya da fulogi a hannu ina kallon motoci goma suna fita ɗaya bayan ɗaya, ban ji komai ba sai yunwa.

Kwana biyu muka yi a Paraku, a garejin wani mutum mai fara'a da ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasa, sai nuni. Ya sa na sayi sababbin fulogi, motar ta yi dama-dama na rabin sa'a ta koma gidan jiya. Ya ce matacin mai ne, muka canza. Ya ce famfon mai ne, ya kwance tanki ya sa mini wani. Sai daga baya na gane nawa lafiyarsa ƙalau, shi ya riƙe, ya ɗaura mini tsoho. Ya ga salatif ɗin a dashbod, ya ɗaga gefensa, ya ga fitila, ya yi dariya ya mayar ya danne da babban yatsa. Ashe sana'armu ɗaya.

Baba yana kwance a inuwar wani mangwaro a kan tabarma. Duk lokacin da na wuce sai ya ce, "Habu, motan ya tashi?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Yau kwana nawa?"

Sai in gaya masa. Sai ya lanƙwasa yatsu ya rufe ido.

Hanyar Kandi ita ce ba na son tunawa, kuma ita ce na fi tunawa. Motar ta daina wuce gudun keken mai kaya. A hawa sai in sa giya ɗaya, ƙafata a ƙasa, inji yana gurnani kamar an shaƙe shi, ƙasan motar yana ɗaukar wani zafi har ta takalmi nake ji. Duk bayan tafiya kaɗan in tsaya in kwance fulogi in kankare da reza in mayar. Na kasa kunne yadda na saba, na saurari injin nan ta kowane gefe. Abin da kunnena yake gaya mini shi ne mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Da kafireta ce da sukudireba ɗaya na gama. A nan kuwa babu abin juyawa, sai wayoyi. Na buɗe matacin iska na cire shi gaba ɗaya, ba ta canza ba. Na zargi man kwalba da na saya a bakin hanya, na zubar na sayi wani. Na zargi mai fara'ar Paraku, na zargi Turawan da suka ci moriyarta suka turo mana. Kaina ne kawai ban zarga ba.

A Kandi wata mata mai sayar da koko ta ga ina fama da zanen da Baba ya ɓata. Ta karɓa ta shiga gida, ta dawo da shi a wanke da wani busasshe a kai. Ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta durƙusa a ƙofar mota tana ba shi da cokali. Ya sha uku, ya ce mata wani abu da harshensu, Ngizimanci, ta amsa da yarenta, kowa ya gyaɗa kai. Na so in ji wani abu a raina, ko godiya ko kuka. Sai na tsinci kaina ina lissafin sauran man da ke tanki.

Mun isa gadar Malanbil, iyakar shiga Nijar, a kwana na biyar, ayari ya daɗe da wucewa. Da yake babu jagora, sai jandarmomin ɓangaren Gaya suka ajiye ni wuni guda, wannan ya karɓi takarda ya ba wancan, wancan ya tafi cin abinci. Sai da wani babba a cikinsu ya leƙa motar, ya ga Baba yana numfashi da baki buɗe, ya juyo ya ce da Hausa, "Tsohon nan ina za ka kai shi?"

"Gida, ranka ya daɗe."

"Ina ne gida?"

"Potiskum."

Ya dubi motar, ya dube ni. Ya buga hatimi da kansa ya ce, "Allah ya kai ku."

Daga nan Baba ya rage magana. Ya daina tambaya ko motar ta tashi. Wani lokaci in ji yana maimaita wasu kalmomi a hankali da harshensu, yana tsayawa yana sakewa, kamar mai bitar hadda. Na san abin da zai gaya wa yayansa yake shiryawa.

A Doso motar ta mutu a tsakiyar titi da hantsi, a kwana na shida. Mutane suka taya ni turawa zuwa wata rumfar kwano inda wani rewaya, mai gyaran wayoyin mota, yake aiki, mutumin Togo, Kirista, da ƙaramin gicciye a wuya da tabarau ɗaure da zare. Kwami ake ce masa. Na fara zayyana masa tarihi, fulogi da famfo da mataci, ya ɗaga mini hannu. Ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin ya manna mini a bayan hannu.

"Mota yana magana," ya ce da guntuwar Hausarsa. "Kai ka rufe bakinsa."

Ya tsinci wata 'yar waya tsawon yatsa a ƙasa, ya fere bakinta biyu da haƙori, ya buɗe wani ɗan akwatin roba kusa da batir da ni ban taɓa sanin amfaninsa ba, ya soka wayar a rami biyu. Ya ce in murɗa makulli kada in tayar, in kalli fitila. Sai ga fitilar nan da ta yi kwana shida a tsaye ta fara ƙiftawa. Sau biyu, ta tsaya, sau biyu, ta yi dogon shiru, ta sake. Ya ce in ƙirga da ƙarfi, na ƙirga kamar ɗan aji ɗaya. Ya ɗauko wani littafin makaranta da ya sha baƙin mai, wanda ya cika da rubutun hannunsa, ya bi da yatsa.

"Biyu da biyu. Zafin ruwa. Ƙwaƙwalwa ba ya jin zafin ruwa."

Ya zura hannu ƙarƙashin tiyon lagireto ya lalubo, ya jawo soket biyun nan a naɗe cikin robar keke, da ɗaurin da na yi musu mai kyau. Ya bayyana mini a hankali, rabi da baki rabi da hannu. Ɗaya na fanka ne. Ɗayan shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa inji ya yi zafi. Da aka zare shi sai ta ɗauka har yanzu tana ƙasar ƙanƙara da asuba, ta yi ta ɗura mai don ta ɗumama injin da ke tafasa. Man da bai ƙone ba ya bi salansa, ya tarar da wata tukunya mai ramuka kamar saƙar zuma da ke tace hayaƙi, ya narkar da ita ta toshe. Motar ba ta iya fitar da numfashi, shi ya sa ba ta iya ja.

"Wane jaki ya yi wannan?" in ji shi, yana kwance robar.

Na ce, "Ni ne."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi kujerar baya. Ya danna soket ɗin a wurinsa, ya yi ɗan ƙara ƙas. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Tukunyar kuwa babu irinta a Doso, babu kuma lokacin fasa ta, sai ya shiga ƙarƙashi ya kwance salansar daga gabanta ya ɗaure da waya. Da na tayar, fitila ta kama ta mutu da kanta. Na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya ture hannuna ya ce, "Tafi. Gudu."

Na gudu. Mota ba salansa ƙararta kamar injin niƙa a cikin ɗaki, amma tana tafiya, allura tana hawa inda ban taɓa ganin ta kai ba. Mun kwana a Dogon Dutsi don Baba ya ce jijjigar ta ishe shi. Da asuba na ba shi ruwa ya kurɓa, na ce, "Baba, in Allah ya so gobe war haka kana Mamudo." Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya yi ɗan murmushi. Muka kama hanyar Ƙonni. A cikin duk tafiyar nan wannan safiyar ce kaɗai na ji daɗi, ina wuce manyan motoci, iska tana shigowa. Ƙarar ba ta bari a ji komai daga baya. Ko ya kira ni, ko ya yi salati, ko ya faɗi abin da ya yi ta bita, ban sani ba. Da na tsaya a wani ƙauye don in ƙara ruwa a lagireto na buɗe ƙofar baya, na tarar har jikinsa ya fara sanyi.

Mutanen ƙauyen Hausawa ne, ban san sunan kowa a cikinsu ba har yau. Mai gari ya ce in bar masa maganar hukuma. Wani tsoho ya shiga gida ya fito da likkafanin da ya ajiye wa kansa. Liman ya tambaye ni, "Mahaifinka ne?"

"Ɗan garinmu ne, Malam."

"Sunan mahaifinsa fa?"

Shekara biyu muna ɗaki ɗaya, ban sani ba. Aka yi masa salla a sahu uku, aka rufe shi a gefen wata gonar gero da ba a shuka ba tukuna. Aka yi ta ba ni hannu ana mini gaisuwa, ina amsawa. Aka kawo fura na sha, har na ƙara. Kafin azahar ina kan hanya.

Maraɗi, Jibiya, Katsina, Kano, Azare, ban riƙe komai a cikinsu ba sai masu tsayar da ni saboda ƙara. Motar ba ta sake ko tari ba. A kwana na tara da la'asar na shiga Potiskum, na wuce kwanar unguwarmu ban juya ba, na miƙe Mamudo.

Ƙarar motar ce ta fito da mutane. Na tambayi gidan Baba Gimba aka nuna mini, amma kafin in tsaya har ya fito, dogon tsoho da sanda, sanye da farar riga mai karin guga. Bai dube ni ba. Ya zo tagar baya ya sa hannu ya kare rana ya leƙa. Katifa ce a naɗe, da buta, da jakar kayan shayi.

Muka zauna a zaure na gaya masa. Na ce ƙaninsa ya taso ne musamman don ya nemi gafararsa da bakinsa. Ya yi salati.

"Na yafe masa tun kafin uwarmu ya rasu," in ji shi. "Ban san inda zan aika ba ne." Ya share fuska da hannun riga. "Direban ya ce kwana huɗu za ku yi. Kullum ina bakin titi."

"Mota ce ta ba mu wahala, Baba."

"Ran kwana nawa ya cika?"

"Na bakwai."

Na ga yana lissafi a ransa. Da na yi shiru a nan da shi ke nan, mota ce, kowa ya san halin mota. Ban san abin da ya sa ba, ba kuma don nadama ta motsa mini ba ne, bakina ne kawai ya ci gaba. Na ce motar lafiyarta ƙalau ta baro Kwatano, ni na zare mata wata waya da hannuna, ta kunna fitila tana gaya mini, na rufe fitilar.

Ya ce, "Nuna mini."

Muka fita. Na buɗe bonet, na ɗaga tiyo na nuna masa soket ɗin, ɗan koren abu da bai kai kan babban yatsa ba. Ya sunkuya har hularsa ta kusa taɓa inji.

"Wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ya sa yatsa ya danna shi, duk da zafin injin, kamar mai gwada ko ya zauna. Ya miƙe da ƙyar. Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya, ko zagi ko mari, kuma na san ba zan kauce ba.

"Rufe," ya ce. Na rufe.

Ya kama hannuna ya ja ni cikin gida, muka wuce mata suna kuka a tsakar gida, har ƙofar wani ɗaki da aka yi wa sabon yaɓe. An share shi, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga randa cike da ruwa da moɗa a kai.

"Shiga ka kwanta, ka gaji," in ji shi. "Tun ran Talata aka gyara wa Maina shi."